Tsagar Magani

Tankari wanzami ya sauka tashar Wadata da asuba,
zabira a hammata, ko da ya bar aski damina uku.
Daga Tawa ya biyo Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso,
takardar likita a naɗe cikin hula,
saifa ta kumbura har ta hana shi ɗaure wando,
ya tsaya gaban kantina na magani a Yamai, yana haki cikin rana.

Ya ce: Ɗiyata, karanta mini.
Sun ce farin jini ya yi mini yawa.
Shekara arba'in ina jan jinin mutane da ƙaho,
baƙi na gani, ja na gani,
fari kuwa sai a bakin ƴan kasuwa nake jin sa.
Ya yi dariya. Tari ya karɓe ta daga hannunsa.

Na ce: Baba, cikin kowane ɗigon jininka
akwai igiyoyin gado, ashirin da uku, bibbiyu.
Ta tara da ta ashirin da biyu sun yi musanyar jela,
ɗaurin ya zo a karkace.
Wannan ƙullin suka nema a kwalba, suka samu,
sunansa Filadalfiya.
Ya ce: Mace ce?
Na ce: Gari ne, can bayan teku, inda aka fara ganinsa.
Ya ce: To, garin da ban taɓa takawa ba, ya yi zango a jikina.

Na ɗauko kwalin. Imatinib.
Ya tauna kalmar kamar goro mai tsutsa:
Imma... ta... nib.
Wa ya raɗa? Ina aka yanka ragon?
Ni da na aske jarirai sun fi dubu
ban taɓa jin liman ya ɗaga murya da irin wannan suna.

Na ce: Ba ka tuna Tanko, namiji bayan mata?
Gambo mai bin tagwaye, Auta mai rufe ƙofa?
Haka ne a nan, sai dai daga wutsiya ake karatu.
Duk wanda ya ƙare da tinib
ƙaramin mabuɗi ne, yana shiga ya toshe makunnin cuta.
Masu mab a baya wata zuriya ce,
yawanci ta allura suke zuwa, su kama cuta ta wuyan riga.
Wannan rubutun ƙanana, sunan yanka ke nan, ɗaya ne ko'ina.
Na manyan baƙi laƙabi ne, kamfani ya ba shi,
kuma sau da yawa laƙabin ake biya, ba ƙwayar ba.

Ya yi shiru. Babur ya wuce, mai lemu ya wuce.
Sannan ya shafa kuncinsa, inda askar kakansa ta bi:
Ashe tsaga ce.
Ka ga fuska, ka san gidan da ta kwana.

Amma ku, in ji shi, kun yi ragwanci wuri guda.
Kome kuka gani sai ku ce ciwon daji.
Wanda ya ce daji kawai, bai shiga ba.
A ciki akwai aduwa, akwai gawo, kalgo, sabara,
kowane da gatarin da ke jin maganarsa.

Na ce: Abin da likita Sumana ke nufi ke nan,
ga Faransanci a takarda, Hausa na rasa.
Na gwada maganin saiti, na gwada na auna-mutum,
babu wanda ya zauna a harshena.
Ya ce: Aska ɗaya ce, kawuna ne ba ɗaya ba.
Wani da ƙulu a ƙeya, wani da tabo, wani da kwari.
Rubuta: maganin sanin kai.

Na rubuta a bayan rasit, har yau yana cikin aljihun tebur.
Ban san ko zai karɓu ba.

Ya nemi biro, ya zana sunan da ajami a tafin hannu,
sau biyu wasalin ya ƙi, na uku ya tsaya.
Kuɗinsa na wata ɗaya ne. Na biyu, mun ce za a nema.
Ya buɗe zabira, ya matsar da ƙaho da dutsen wasa aska,
ya yi wa baƙon wuri a tsakiya,
ya tambaye ni motar Tawa ƙarfe nawa,
ko zai samu ya ga kogin kafin faɗuwar rana.